Mode Mai Gaida Ƙofofi

Rigima ɗaya na taɓa yi da Mode wadda na ci, kuma in ban faɗe ta ba babu mai faɗa, don shi dai ba zai faɗa ba. Mode taubashina ne, ɗan kawuna, saboda haka tun muna yara nake da lasisin zaginsa, kuma ban taɓa barin lasisin ya mutu ba.

An yi shekara talatin ko fiye. Ina tuyar ƙosai a ƙofar gida, mai ya yi zafi, sai ga shi da jakinsa za shi fadama. Ya tsai da jakin a gabana.

"Uwaliya, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ina mai gida? Ina yara? Ina wanda ke tari? Ina ƙahwar Inna? Akuyar ga ta haihu kuwa?"

Ba a barin gaisuwa a ƙasa, dole ka amsa. Ina amsawa, yana ƙarowa, har kasko guda ya ƙone ƙurmus. Ya leƙa ya girgiza kai ya ce, "Ashsha. Ke kuwa ba ki lura da wuta."

Washegari na shirya mashi. Yana tsayawa na sauke kaskon, na kama igiyar jakin na naɗe ta a hannuna, na fara. Na tambaye shi kwana da gajiya da matarsa Kamila. Na tambayi haƙorin da anka cire mashi bara. Na shiga gonar albasarsa fangali-fangali, na gabas, na yamma, da wanda tsutsa ta ci. Na tambayi lafiyar jakin, da uwar jakin da ke Rabah, da wanda ya sayar da uwar. Rana ta ɗaga. Waɗanda sunka wuce shi da safe sunka fara dawowa, sunka tsaya kallo. Yana amsawa yana zufa, yana kallon hanyar fadama kamar mai jin fitsari. Daga ƙarshe ya ce, "Uwaliya, don girman Allah, ya isa."

Ranar ce kaɗai a Wurno anka ji Mode ya ce gaisuwa ta isa. Kada ku ɗauka ya warke. Da gari ya waye ya dawo, ya yi duk na jiya, ya ƙara da tambayar lafiyar kaskon.

Haka yake tun tasowarsa. Daga gidansa zuwa bakin hanya tafiyar da ba ta kai ta shan fura ba ce, amma shi sai ya ci hantsi a kanta. Kowace ƙofa sai ya tsaya. Ya san wanda ya kwana da zazzaɓi, da wadda ta yi yaji, da wanda ya buɗe rudun da yake ajiyar albasa ya iske rabi ta ruɓe. Ba malami ba ne, ba mai sarauta ba, ba mai dukiya ba. Manomin albasa ne mai dogon wuya da murya kamar ta tsohuwar ƙofa. Kuma abin da ba kowa ya gane ba, ba amsar yake saurare ba. Amsa ai ɗaya ce. A wurinmu ko kana kwance ana tofa maka addu'a, in an ce ina kwana, lafiya lau za ka ce. Mode muryar yake saurare. Ya taɓa ce mani akwai lafiya lau ta wanda ya ƙoshi, akwai ta wanda bai ɗora tukunya ba, akwai ta matar da ta kwana tana kuka. Na ce mashi to tawa ta wacece? Ya ce ta wadda ke jiran in wuce.

Sau ɗaya ya taɓa barin garin da niyyar daɗewa. Ya bi motar albasa zuwa Ikko, wai zai zauna wajen wani ɗan'uwanmu ya koyi dillanci. Kwana tara ya yi. Ya dawo ya rame, wuyan ya ƙara tsawo. Wai ya gaida wani mutum a bakin gada, mutumin ya dafe aljihu ya ƙara sauri.

"Uwaliya," in ji shi, "garin can mutum na iya mutuwa cikin ɗaki, sai ƙudaje su kai labari."

Na yi mashi dariya, amma na san abin da yake nufi. In kun tambayi mutanen Wurno mi suke so a zaman wurin, ba za su ce maku hanya ko wuta ba, don ba su so su yi ƙarya. An san ka, shi ke nan. Jikata ta taɓa ɓacewa ranar kasuwa tana shekara uku, ko sunanta ba ta iya faɗa ba. Wata mai sayar da daddawa ta kalli kunnuwanta ta ce waɗannan kunnuwan gidan Uwaliya ne, ta goyo ta har gida. Ban ji daɗin maganar kunnuwan ba, amma na karɓi yarinyar. Ranar da Kamila ta rasu, kafin mu gama yi mata wanka an gina kabari, wani ya aiko da likkafani bai faɗi sunansa ba. Tun daga ranar, shekara goma sha ɗaya, Mode bai hura wuta a gidansa ba. Kullum kwano yana zuwa. Ba wanda ya tsara, ba wanda ya raba kwanaki. Shi kuma da ya ɗanɗana miya ya san gidan da ta fito, da safe ya je ya yi godiya, ya faɗa masu gishiri ya yi yawa.

Sai waɗancan mutanen sunka matso.

Da farko labari ne na nesa, irin wanda ake ji a rediyo a ce Allah ya kyauta. Sannan ya zama labarin garuruwan da muke da dangi. Sannan munka fara ganin mutanen ƙauyukan Rabah da Goronyo suna shigowa da tabarmi da tukwane a kai, da awaki biyu, da idanun da ba su tsayawa wuri ɗaya. Ba mu kiran sunan masu yin abin. Mutanen daji muke cewa, ko waɗancan, mu rage murya ko da a tsakar gida muke.

Tare da su wata kalma ta shigo gari, infoma. Anka ce waɗancan ba su ɗaukar mutum sai an ba su labarinsa daga cikin gari: wa ya sayar da albasa, wa zai yi tafiya, ta wace hanya, yaushe. A wani ƙauye ta wajen Rabah anka zargi wani mai facin taya. Samari sunka fita da shi bayan gari, wai za a yi mashi tambayoyi. Takalmansa kaɗai anka maido wa matarsa. Bayan wata biyu anka gane ba shi ba ne, anka ce Allah ya ji ƙansa.

Daga nan bakin kowa ya mutu. Mai tafiya ba ya faɗin inda za shi. Mai ƙaura ba ya bankwana. Mu da in mutum zai je Sakkwato kwana biyu sai ya zaga dangi an yafi juna, sai ga shi ka wayi gari ka iske kwaɗo a ƙofar maƙwabcinka na shekara arba'in. Kaji ma ba ka ji lokacin da anka kama su ba.

Mode bai canza komai ba. Yana zuwa ƙofar da ke da kwaɗo ya tsaya ya yi sallama, ya jira gwargwadon yadda za a amsa, sannan ya wuce. Wanda bai gani ba zai ce abin dariya ne. Ni na gani, ban yi dariya ba.

Na tare shi wata safiya na ce, "Kai dogon banza, rage. Ina mai gida, ina anka nuhwa, an sai da albasa? Ka san su wa ke irin waɗannan tambayoyi yanzu?"

Ya ce, "Baƙi."

"To."

"To ni baƙo na?"

Na ce mashi tsoro bai san ɗan gari ba. Ya ce yaya ƙafata.

Alhaji Jelani dillalin albasa ne, gidansa na huɗu daga nawa. Mutum ne mai kirki in ba ciniki kuke ba. Wata safiya ya turo babur ɗinsa waje, ya ci karo da Mode a ƙofa. Mode ya yi abin da ya saba, har ya kai ga ina anka nufa. Alhaji ya ce nan kusa, ya tayar da babur ya tafi. Mutum uku sun gan su tsaye suna magana. Ashe kasuwar Goronyo za shi, kuma kafin ya fita ya ja kunnen matarsa Mashkura: ko wa ya tambaya, ki ce ina ciki.

Bai dawo ba. Mashkura ta kira wayarsa ba ta shiga, amma waya a wajenmu ta saba da haka. Ta ce wa ranta ya kwana wajen abokin cinikinsa. Da safe Mode ya yi sallama daga zaure, ta amsa daga ciki, lafiya lau, shina ciki, bai tashi ba. Mode ya wuce, amma ya lura babu sawun babur da ya shiga gidan, sai wanda ya fita.

Safiya ta biyu ya dawo. Buzun sallar Alhaji na rataye a zaure yadda yake shekaranjiya, butarsa a bushe. Ya yi sallama. Ta ce lafiya lau. Yarinyar nan kwana biyu ba ta ci ba ta sha ba, tana zaune da tsoro ita kaɗai, miji ya ce kada ta faɗa, kuma an koya mata tun tana ƙarama ba a amsa gaisuwa da mugun labari. Mode ya ce da ya ji wannan lafiya lau ɗin ya gane ta matar da ta kwana tana kuka ce. Bai ƙara tambayarta komai ba. Bai gaida sauran ƙofofin ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya miƙe sai gidan mai unguwa Abdulƙadiri, ya ce a nemi Alhaji Jelani, ba shi gida.

Kafin azahar anka samu babur ɗin a kwance cikin ciyawa a gefen hanya, da hularsa. Masu bin sawu sunka ce an kwana biyu da yin abin, sawun ya mutu.

Kwana uku ana jaje. A na huɗu magana ta juya. Wa anka gani da Alhaji a ƙofa ranar da ya fita? Wa ya tambaye shi inda za shi? Wa ya riga kowa sanin ba ya nan, alhali matarsa na cewa yana ciki? Wa ya san abin da ke cikin kowane gida a unguwar nan? Ba wanda ya ƙirƙiri ƙarya ko ɗaya. Duk abin da anka faɗa haka yake. Shi ya sa na tsorata.

Mai ɗaukar maganar a kai shi ne Lukman, ƙanen Alhaji, wanda gidansa ke manne da na yayansa. Shi ne shugaban samarin da ke sintiri a unguwa, mutum mai shekara arba'in da bindigar toka da jan ido. Ban ga laifinsa duka ba, ɗan'uwansa ne anka ɗauka, kuma mutum in ya rasa wanda zai kama, na kusa yake kamawa. Amma Lukman ɗin nan, Mode ne ya fara kai wa ubansa albishir ɗin haihuwarsa a gona.

Ƙofofi sunka daina amsawa. Mode zai yi sallama, ka ji motsin turmi ya tsaya cak, har sai ya wuce. Mata na jan yaransu ciki. Ran nan kwano bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Ni na kai mashi tuwo da kaina, na ce ga shi nan, in gishiri ya yi yawa ka kai ƙara. Ya ci ya miƙo mani kwanon. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Mai unguwa ya aika cewa ranar Alhamis bayan la'asar a taru a ƙofarsa, Mode ya zo ya yi bayani. Kowa ya san mi ke bayan bayani. Samarin Lukman sun riga sun fara cewa su ma suna da tambayoyinsu, kuma ba a cikin gari za su yi su ba.

Na sa anka kira ɗansa Yusha'u da ke tuƙin mota a Sakkwato. Ranar Alhamis da hantsi ya iso, bai ko kashe motar ba. Na bi shi cikin gidan. Mode na zaune yana gyaran igiyar guga.

"Baba, tashi mu tahi. Ba sai ka ɗauki komi ba. Na gyara maka ɗaki."

"An zo lahiya? Ina hanya? Ina Firdausi da yara?"

"Baba, don Allah bar gaisuwar ga! Kashe ka za su yi!"

"Ka amsa dai."

Yusha'u ya juyo wurina idonsa ya kawo ruwa. "Gwaggo, yi mashi magana."

Na ce, "Mode, bi ɗanka. Birni akwai ƙofofi dubu, ka gaishe su har ka mutu. Ka je ka dame su, mu ma mu huta."

Ya ce, "Can in na yi sallama wa zan kira? Ɗakin da yac ce, na kwana cikinai da anka yi mani aikin ido. Wata guda. Mutumin da ke ɗaki na kusa, tari nai na sani, ban san sunanai ba. Ran nan tarin ya daina. Har na baro ban san ko warkewa ya yi ba."

"Gara wannan da bayan gari," in ji Yusha'u.

"In na shiga motar ga, kahin mu kai Achida an ce ga shi nan, ya gudu, ashe shi na. Kai kuma ka zama ɗan infoma, ɗiyanka jikokin infoma. Kabarin uwarka na nan. Wa za ya bari a sa ni kusa da ita?"

Ya ɗaure igiyar, ya ja ta ya ga ta yi ƙarfi, ya ce wa Yusha'u ya kashe mota, mai yana ƙonewa a banza.

Bayan la'asar anka taru. Ban taɓa ganin ƙofar mai unguwa ta cika haka ba sai ranar suna, kuma ban taɓa jin taro shiru haka ba. Mata na cikin gida bayan zana. Ni na wuce shekarun zana, na jawo kujerata na zauna a bakin zaure, wanda bai so ba ya kau da kai. Samari bakwai na tsaye a baya jikin katanga, ba su zauna ba. Ɗaya na riƙe da igiya, yana naɗewa yana warwarewa.

Mode ya iso da farar rigarsa ta Juma'a. Kun san mi ya yi? Ya fara daga mai unguwa ya bi layi yana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, da na iyayensu. Wasu sunka amsa a cikin maƙoshi. Wasu sunka duƙar da kai. Ya je har wurin mai igiyar ya tambaye shi jikin mahaifiyarsa. Na ce a raina, wannan mutum zai gaida mai yanka shi ya tambaye shi ina wuƙa.

Mai unguwa Abdulƙadiri tsoho ne mai son a rabu lafiya. Ya yi addu'a, ya ce ba shari'a anka zo yi ba, tambaya ce. Ya tambayi Mode ko ya ga Alhaji ranar da ya fita. Ya ce ya gan shi. Ko ya tambaye shi inda za shi? Ya ce ya tambaya, kamar kullum. Mi ya ce? Nan kusa. Ko ya faɗa wa wani? Ya ce wa zai faɗa wa nan kusa?

Mai unguwa ya nemi mafita. Ya ce to ko Malam Mode zai yarda ya bar yawon gaisuwar nan, ya zauna gida har ƙura ta lafa?

Mode ya ce, "Ranka ya daɗe, a'a."

Wurin ya yi guna-guni. Samarin da ke jikin katanga sunka matso taku biyu. Yusha'u ya miƙe, na riƙe mashi riga.

Sai Lukman ya fito tsakiya. Da can Baba Mode yake ce mashi. Ran nan ya yar da Baban.

"Mode, bar zagaye-zagaye. Tambaya ɗaya gare ni, ka amsa ta gaban jama'a, in ba haka ba ka amsa ta wani wuri. Duk unguwar ga ba wanda yas san Yaya bai dawo ba. Matatai na cewa shina ciki. Liman bai sani ba. Mai unguwa bai sani ba. Ni da muke uwa ɗaya uba ɗaya ban sani ba. Kai ya anka yi kas sani?"

Ba zan ce maku an wanke Mode ba. Har yau akwai ƙofofin da ba su amsa mashi, ƙofofi masu kwaɗo sun ƙaru, Alhaji Jelani kuma babu labarinsa. Amma ba wanda ya taɓa shi a ranar ko bayanta, kuma Lukman ne ya fara barin wurin, kansa a ƙasa, samarinsa na bin sa ɗaya-ɗaya. Mode bai ɗaga murya ba. Ya kalle shi ne kawai da idon nan da anka yi wa aiki, ya ce:

"Katangarku ɗaya da shi, Lukman. Kwana biyu kana wuce ƙohwar yayanka da bindiga a kahwaɗa, kana tsaron gari. Ni tsayawa na yi na tambaya. Kai mi ya hana ka?"